Jan Biron da Ya Ɓace Daga Littafin Ɗan Firamare

Duk mai ɗa a firamaren gwamnati, a Kano yake ko Gusau ko Azare, ya karɓi jakar yaron da yamma ya buɗe littafinsa na lissafi. Abin da zai tarar shafi ne bayan shafi na rubutun da aka kwafo daga allo, wani daidai wani a karkace, babu alamar wani babba ya bi ta kai. Jan biro ya yi ƙaranci. A da shi uba ke fara nema, ko da bai yi boko ba: ya san alamar an ci, ya san ta an faɗi, ya san sifilin nan da yara ke kira ƙwai, ya san sa hannun malam da kwanan wata a ƙasan shafi. Wannan jar tawada shaida ce cewa wani mutum ya zauna ya ɗauki littafin yaron nan shi kaɗai, ya karanta, ya ga inda ya kauce. A majalisa saurin yanke hukunci ake yi, a ce malaman yanzu ne ba su da kishin aiki. Akwai masu wannan hali, ba a musu. Amma babban abin da ya cinye jan biro lissafi ne mai sauƙi: manya nawa ne a cikin makarantar, yara nawa ke kansu, kuma aikin mutum nawa kowane ɗayansu ke ɗauke da shi.

Elementaren zamanin En'e, da firamaren da ta gaje ta, ƙaramar hukuma ce mai zaman kanta. Da sassafe za a kaɗa ƙararrawa, guntun ƙarfen dogo ko wilin mota da aka rataye a reshen darbejiya, ƙararsa har bakin kasuwa. Yara su jeru layi layi, a bi su ana duba farce da haƙora da kai da wuyan riga. Aji na warin alli da ƙurar shara da aka yayyafa wa ruwa, allo ya sha baƙin gawayi tun ranar Juma'a. Kowane aji da malaminsa, shi ke kiran rajista da safe, ya sake kira bayan an dawo tara, don haka wanda ya sulale ya tafi kogi ba ya ɓoyuwa. Hedimasta ba ya barin malami ya shiga aji sai ya ga shirin darasinsa ya sa hannu. Ga malamin addini da Larabci, ga mai koyar da aikin hannu, tufkar igiya da saƙar faifai da ginin tukunya, ga gonar makaranta da damina. Bayan waɗannan akwai mutanen da ba sa riƙe alli amma makaranta ba ta tafiya sai da su: masinja mai kai takarda ofis da kiran uban yaro, mai gadi da ke kwana a harabar, lebura, a wurare da dama kuma da dattijuwar da ke kula da 'yan mata. Can kuma sai ga mai duba makarantu ya ɓullo a kan keke ko babur ba tare da sanarwa ba. Yaro ya yi fashin kwana biyu, magana ta kai ga mai unguwa ko dagaci kafin ta kwana uku.

Aikin kuma yana da kima. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 don horon malamai aka kafa ta, kuma daga cikinta Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka fito, dukansu suka fara da koyarwa, ɗaya a Midil ta Bauchi ɗaya a ta Sakkwato. Malam Aminu Kano malamin makaranta ne, shi ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Shehu Shagari ya yi hedimasta a Argungu, ya kuma yi aikin zagayen duba makarantu a lardin Sakkwato kafin siyasa ta ɗauke shi. A ƙauye malamin makaranta ne mai karanta wasiƙa, mai rubuta amsa, mai rediyo, wanda ake kai wa 'ya ba a yi dogon bincike ba.

Sai dai wanda zai yi kukan wancan zamani ya tuna da abin da aka saye shi da shi. Ajin yana da sarari ne saboda ƙofar makarantar ƙunci gare ta. Gunduma guda sai ta wayi gari da elementare ɗaya ko biyu, yawancin yaran ƙasar ba su taɓa leƙa aji ba, 'yan mata kuwa 'yan ƙalilan ne. Da yawa daga waɗanda suka shiga kamo su aka yi, iyayensu na kuka ana tafiya da su. Bulala ta yi ɓarna, ta kori yaran da da sun yi nisa, kuma ba ƙaramin lokacin karatu ne ya tafi a ɗebo wa gidan malam ruwa da itace ba. Malaman ma ba duka ne gwanaye ba. Akwai wanda iyakarsa aji bakwai aka miƙa masa alli. Shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, da gwamnatin Obasanjo ta fara a Satumbar 1976, shi ya ɓalle wannan ƙofa, kuma daidai aka yi. An yi hasashen yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka fito. Aka shiga horon malamai na gaggawa, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don cike giɓi. Daga nan ne ɗan manomin rugar da ba a san da zamanta ba ya sami aji, mata suka shiga koyarwa da yawa, yau ga shi mafi ƙarancin takardar da doka ta yarda a koyar da ita NCE ce. Babu mai hankalin da zai ce a mayar da hannun agogo baya. Abin tambaya shi ne me ya sa, kusan shekara hamsin da buɗe ƙofar, har yanzu ba a kawo manyan da za su tarbi yaran da suka shigo ba.

Amsar tana cikin yadda aka raba nauyin kuɗi. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, malaman firamare ne suka fara ɗanɗana watanni ba albashi, tsuke bakin aljihu na 1986 ya ƙara dagula lamarin. An kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1988 don ta riƙe albashin, aka rushe ta a 1991 aka mayar da nauyin ga ƙananan hukumomi, aka sake dawo da ita a 1993 bayan an ga abin da ya biyo baya. Shirin ilimin bai ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, wanda ya sami doka a 2004, ya ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Wannan kuɗi galibinsa na gini ne da kujeru da littattafai da bita, ba a biyan albashi da shi. Albashin malamin firamare yana wuyan ƙaramar hukuma, matakin gwamnati mafi rauni, wanda kuɗinsa ma ya daɗe yana biyowa ta asusun haɗin gwiwa da jiha. To ka duba abin da wannan tsari ke koya wa mai mulki. Gini sau ɗaya ake biya, akwai kwangila a ciki, akwai fenti da yanka zare da hoto a jarida. Malami kuwa kowane wata sai an biya shi, shekara talatin da biyar ko fiye, bayan nan ga garatuti ga fansho, kuma ba a buɗe shi da kiɗa. Saboda haka malami ya yi ritaya ko ya rasu, sai a yi shiru, a raba ajinsa ga na kusa. Ba wanda ya taɓa fitowa ya ce an rage ma'aikatan makarantar gari kaza. Zaizayewa suka yi, ɗaya bayan ɗaya, kuma ƙananan ma'aikata ne suka fara tafiya, domin su ba su da ƙungiyar da za ta rufe makarantu saboda su.

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ƙidayar ma'aikata da UBEC ta yi a 2022 ta nuna ana buƙatar malamai 694,078 a firamaren gwamnati, waɗanda ake da su 499,202 ne, giɓin ya kusa 195,000. Aji mai yara ɗari ba abin mamaki ba ne a unguwannin da suka cika suka batse a biranen Arewa. A yi wa malamin irin wannan aji lissafi cikin adalci. In zai ba kowane littafi minti ɗaya tak, darasi guda zai ci masa awa ɗaya da minti arba'in na maki. Darasi biyar a rana, ya haura awa takwas, bayan tsayuwar da ya yi a gaban allo. Ba zai yiwu ba, shi ma ya sani, don haka ya koma ga abin da ke yiwuwa: ya cika allo da rubutu a kwafa, ya faɗa a maimaita da ƙarfi, ya ba monita tsumagiya ya tsare masu surutu. Daga waje sai ka ji makaranta na amsa amo, ka ce karatu ake yi. Hausawa sun ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Yaron da ke layin baya, zaune a ƙasa, leɓensa na motsi tare da na kowa, zai iya kaiwa aji shida bai iya haɗa baƙi da wasali ba, kuma babu wanda ya gano, domin ganowa sai an tsaya a kansa shi kaɗai. Ɓarnar ta fi tsanani a aji ɗaya zuwa uku, inda ake koyon karatun kansa, kuma nan ne aka fi cunkoso, nan ne kuma ake yawan tura malamin da aka raina.

Wani zai ce to malamai mun ji, amma masinja da lebura da mai gadi ai ƙawa ce, ƙasar da ba ta iya biyan mai alli ba ina ita ina mai tsintsiya. Kuma yara su share ajinsu ai tarbiyya ce. Kan shara na yarda, babu laifi yaro ya san tsaftace wurin zamansa, an yi a da ana yi yanzu. Amma aikin da aka daina ɗaukar mai yinsa ba ya gushewa, kan wani yake faɗawa. Inda babu akawu hedimasta ne akawu, shi ke cike fom, shi ke hawa babur ya kai ofishin sakataren ilimi, ranar nan babu mai leƙa aji ya ga abin da ake koyarwa. Inda babu mai gadi, kafin hutun damina ya ƙare an ɓalle taga da ƙofa, an kwashe benci, wani lokaci har kwanon rufi. Aji ya zama makewayin unguwa ko mafakar 'yan shaye-shaye, da safe sai an ɓata darasin farko wajen kwashe ƙazanta. Ginin da aka kashe miliyoyi a kansa ya lalace saboda an ƙi biyan albashin dattijo ɗaya. Inda babu mai kula da banɗaki da ruwa, banɗakin rufe shi ake yi, kuma yarinyar da ta fara girma ita ce ta farko da za ta daina zuwa. An ƙara ajin share fage na ƙananan yara a firamare, 'yan shekara huɗu da biyar masu buƙatar a kai su bayan gida a wanke su, a makarantu da yawa ba tare da mai reno ba. Ciyar da ɗalibai da aka fara a 2016 ta kawo masu dafa abinci, ta kuma jawo yara tururuwa, wanda abin so ne, amma ba ta zo da malamin da zai koyar da su bayan sun ci ba. Batun tsaro kuwa, babu mai cewa mai gadi da sanda zai tare 'yan bindiga irin waɗanda suka kwashe yaran Kuriga a jihar Kaduna a Maris na 2024. Duk da haka uwa tana duba ko akwai babba a bakin ƙofa kafin ta saki hannun ɗanta.

Hujja ta biyu ta fi wannan nauyi, ita ce ta masu cewa matsalar ta inganci ce. Suna da abin nunawa. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba, ta sallame su duk da yajin aikin ƙungiyar malamai, ta ce za ta ɗauki sababbi 25,000. Ko da an yi gardama kan yadda aka gudanar da jarrabawar, kowa ya san an daɗe ana raba takardar aikin koyarwa a matsayin ladan siyasa. Wanda bai iya ba, ba shi da abin ba wa yaro, ko su goma ne a ajin. Sai dai ɗaya gefen ma gaskiya ne: ka ɗauko gwanin malamai ka jefa shi cikin yara 120, abin da zai iya yi bai wuce na wancan da yawa ba. Kuma ingancin ma mutane ke samar da shi. Malamin da ake yabo a da ba da iyawarsa aka haife shi ba. Kwalejin horon malamai ta Giredi Tu ta yi shekaru tana shirya shi don ya riƙe ajin firamare da dukkan darussansa, ya fito ya tarar da tsohon hannu a ajin da ke maƙwabtaka da nasa, ga hedimasta mai lokacin duba aikinsa, ga mai zagaye da zai zauna a bayan aji ya saurare shi. An rufe waɗannan kwalejoji, da yawan masu NCE darussa biyu suka karanta da niyyar koyarwa a sakandare, tsofaffin hannu sun tafi, mai zagaye ba shi da kuɗin mai. Sabon malami a makarantar da malamanta uku ne, wa zai koya masa?

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi ita ce ta rabo. Masu ita na cewa a takardar albashi malamai ba su yi ƙarancin da ake faɗa ba, inda suke ne matsala: akwai sunayen bogi, akwai waɗanda aka ɗauka malamai amma suna zaune a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, akwai makarantar cikin gari da malamai suka yi yawa saboda kowa yana da wanda ya tsaya masa, alhali ta ƙauye hedimasta ne da mutum ɗaya ke juya aji shida. Wannan haka yake, kuma shi ya sa adadin jiha gaba ɗaya yake yaudara. Yaro ba a matsakaicin lissafi yake zaune ba, a wani aji yake a wani gari. Amma ko an kwashe na ofis an mayar da su aji, ba za su cike giɓin da UBEC da kanta ta lissafa ba. Tantance ma'aikata kuma an sha yi, a gano na bogi a sanar a rediyo, abin da ba a cika ji ba shi ne an ɗauki na gaske a gurbinsu. Tura malami ƙauye ma ba takarda kaɗai ba ce. A da ana gina masa gida kusa da makaranta. Yau a tura matar aure garin da kuɗin motarsa zai cinye rabin albashinta, sannan a yi mamakin tana zuwa sau biyu a mako. Shirin da aka yi a jihohi irin su Bauchi da Katsina da Sakkwato da Neja, na ɗaukar nauyin karatun 'yan matan karkara su yi NCE su koma garuruwansu su koyar, ya fahimci wannan. Nasararsa ta rataya ne a kan a ba su aikin bayan sun gama.

Abin da aka fi yi maimakon ɗaukar ma'aikata na dindindin shi ne faci. N-Power ta 2016 ta tura matasa makarantu a kan naira 30,000 a wata, wasu sun yi aiki tuƙuru, amma kowa cikinsu ya san na ɗan lokaci ne, idonsa na kan wata ƙofar. Ga masu bautar ƙasa, ga ɗaliban da ke zuwa gwajin koyarwa na 'yan watanni, ga malaman sa-kai da ƙungiyar iyaye ke haɗa wa ɗan abin sabulu. Dokar 2022 da ta ɗaga ritayar malamai zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki ta riƙe ƙwararru, wannan alheri ne, amma jinkirta giɓi ta yi, ba ta haifar da malami ko ɗaya ba. Kuma akwai dalilin da ya sa facin ke wucewa ba a yi bore ba. A elementaren da, ɗan hakimi da ɗan maƙeri benci ɗaya suke zama, in malami ya yi wata bai zo ba hakimi ne zai fara sani. Yanzu duk mai hali, har da malamin firamaren kansa in ya samu, ya kai nasa makarantar kuɗi. Waɗanda suka rage su ne iyayen da ba su san ƙofar sakataren ilimi ba.

Saura maganar babu kuɗi. Gaskiya ne albashin malamai na lashe kaso mai yawa na abin da ƙananan hukumomi da dama ke samu, kuma a 2025 malaman firamare na Abuja, babban birnin ƙasa, sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya sa ƙungiyar malamai ta tuna da abin da ya faru bayan 1991, kuma tsoronta yana kan hanya. Amma wannan hujja ce ta a sauya wanda nauyin ke kansa. Idan gwamnatin tarayya na iya gindaya wa jiha sharaɗin kawo nata rabin kuɗin kafin ta karɓi na gini, tana iya ƙara sharaɗin cewa duk ajin da za a gina sai an nuna sunan malamin da zai shige shi. Jiha na iya rubuta wa kowace makaranta adadin ma'aikatan da suka wajaba a kanta gwargwadon yaranta, malamai kaza, mai gadi, mai kula da tsafta, mai reno in akwai ajin ƙanana, a liƙa takardar a bangon ofishin hedimasta tare da sunayen waɗanda ake biya da sunan makarantar, yadda kwamitin iyaye zai iya ƙirga su da ido ranar Litinin. Ranar ritayar ma'aikaci kuwa ba ta zuwa ba zato, tana rubuce a fayil ɗinsa tun ranar da aka ɗauke shi aiki, don haka hukumar ilimi ta jiha ta san tun bana malamai nawa za su bar aji baɗi, da garuruwan da suke.